Layukan Ƙasan Takarda

Litinin

Zuwa ga 'yata 'Yar Jela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan da sauƙi, in ban da jikin da ƙila kin ji labari. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko hanyar gidanmu ruwa ya cinye ta ne.

Na san za ki yi ta juya ambulan ɗin nan kina cewa wa ya rage a duniya yana rubuta wasiƙa. Ni ne, kawunki mai usur, wanda mahaifiyarsa da kakarki suka sha nono ɗaya. Kin zauna wurinmu zango biyu lokacin da mahaifiyarki ta kwanta asibiti, kina shekara bakwai, kullum kina bayana riƙe da gefen rigata, har sunan nan ya bi ki. Waya ce ta gagare ni. Muryata ta koma ciki, in na yi magana sai a yi ta "me ka ce, me ka ce" har in ji haushi in kashe. Yatsun kuma in na nufi lamba ɗaya sai su taɓa uku. An ce zumunci a ƙafa yake, to nawa ya koma biro.

Shekara huɗu ke nan da likita ya raɗa wa ciwon suna, wai Fakinsan, ciwon karkarwa. Ya ɗora ni a kan ƙwaya sau uku a rana: bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na yamma. Da ita na ci gaba da aikina a ƙofar makarantar firamare, inda na shekara ashirin da shida ina tsayar da motoci yara su tsallaka titi. Hannun hagu yana rawa, to sai me? Allon tsayar da mota a dama nake riƙe shi, usur kuwa ba da hannu ake busa shi ba.

Ranar Larabar da ta wuce aka tashi ɗaya da rabi kamar kullum. Na shiga tsakiyar titi, 'yan aji ɗaya na biye da ni, sai ga motar kaya ta karyo kwanar gidan burodi. Na sa usur a baki na busa. 'Yar Jela, ko kukan ɗan tsako bai kai ba. Na sake busawa, ƙirjin kamar an ɗaure shi da igiya. Allah ya sa direban ya hango allon ya taka birki, ya tsaya taku uku daga gare mu. Ba wanda ya ji ciwo, amma shugabar makaranta tana tsaye a bakin ƙofa, komai a idonta.

Ta kira ni ofis ta ce, "Baba, ba korarka na yi ba. Ka huta. Kafin a dawo babban hutu ka kawo min takardar likita cewa numfashinka zai iya aikin nan. In babu takarda, dole in sa wani." Ban ga laifinta ba, 'ya'yan mutane ne. Saura mako goma.

Na je asibiti na bi layi tun safe har rana ta take. Suka matse min hanci suka ba ni bututu, wata ma'aikaciya tana ta "busa, busa, busa" kamar muna tayar da wutar gawayi. Takardar da injin ya tofo ga ta nan na haɗo miki. Wanda ya duba ta ya ce huhun ya yi rauni, ya rubuta min maganin shaƙa irin na masu fuka. An ce aikinki ke nan a can, ke ma matse hancin mutane kike yi ana biyanki. Ki duba min, ki gaya min gaskiya ko titin nan ya gama da ni.

Hannuna ya soma gajiya, ga rubutun nan yana ta ƙanƙancewa. Saura magana ɗaya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na lura matsewar ƙirjin nan kullum daidai lokacin ƙwayar rana take zuwa, ina haɗiye ta abin ya tsananta. Saboda haka wata guda ke nan da na daina shan ta ranar, ina tara su a gwangwanin man takalmi. Gwaggonki ba ta sani ba, likita ma bai sani ba. In na yi daidai ki gaya min.

Kawunki,
Mai Usur

*

Lahadi

Kawu,

Na amsa gaisuwa, kuma ina miƙa tawa gare ka da Gwaggo. Duk muna lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. A gaya wa Gwaggo ta yi min afuwa, laifina ne, ba ni da bakin magana.

Da direban motar da ka ba saƙon ya miƙo min ambulan, na ga "'Yar Jela" a bayansa, sai na yi ta juya shi a hannu. Fiye da shekara ashirin ba wanda ya kira ni haka. Har yanzu in zan tsallaka titi sai na ji muryarka: hagu, dama, hagu kuma, kuma ba gudu. Yarana ma haka na koya musu, ba su san daga ina na samo ba.

Na duba takardar. Ka san ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajin numfashi ce, don haka ba zan yi saurin yanke magana ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina kallon irin zanen nan, kuma naka bai yi min kama da na mai fuka ba. Mai fuka hanyoyin iskarsa ne suke tsukewa. Kai kuwa kamar ƙirjin ne da kansa ba ya buɗewa sosai, iskar ta shiga kaɗan, ta fita ba ƙarfi. Na kuma ga injin ya buga lokacin gwajin a kusurwa, ɗaya saura minti goma. Zan nuna wa likitarmu idan ta dawo daga tafiya.

Kafin nan ga aikin gida, tunda a makaranta kake. Sau uku a rana ka ja numfashi ka busa usur har iskar ta ƙare, Gwaggo ta duba agogo ta ƙirga daƙiƙa nawa ka yi. Ka rubuta lokacin da adadin. Maƙwabta su yi haƙuri.

Kada ka sa a ranka cewa titi ya gama da kai. Takarda ɗaya ba ta isa ta sallami mutum ba.

Sauran abin da ka rubuta a ƙasa duk na gani, Kawu. Madalla, Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
'Yar Jela

*

Alhamis

'Yar Jela,

Gaisuwa. Allah ya ba ƙaramar lafiya. Ba zan tsawaita ba, hannun ya ƙi tun daga layin farko.

Na ji daɗi da kika ce madalla. Dama na san ban yi wauta ba. Tunda mai ilimin abin ta yarda, kwana takwas ke nan na ajiye ta yamman ma, sai ta safe kawai nake sha. Gwangwanin ya kusa cika.

Ga aikin gida. Takwas da rabi na safe, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ɗaya na rana, huɗu. Shida na yamma, uku, wani lokaci biyu. Gwaggonki ta ce agwagwar maƙwabta ta fi ni.

Sai dai jikin ya yi nauyi. Tashi daga kujera sai an ja ni. Jiya shayi ya sarƙe ni, na nemi tari na rasa, sai wani ɗan kaki-kaki da ba ya fitar da komai. Ina jin dafin ƙwayar ne yake fita a hankali. Kwana nawa yake ɗauka kafin ya fita duka?

Na gode da kika kula da tsoho.

Kawunki

*

Talata

Kawu,

Ka yafe min gaisuwa yau. Ka ba Gwaggo wasiƙar nan ta karanta da ƙarfi, kuma yau ɗin nan, ba gobe ba, ku tafi wurin likitan da ya ɗora ka a kan ƙwayar. Ku tafi da gwangwanin. Kada ka mayar da ƙwayoyin da kanka, kada kuma ka ajiye ta safen. Shi zai tsara yadda za a mayar da su.

Yanzu ga laifina. Ban karanta layukan ƙarshe na wasiƙarka ta farko ba. Ban iya ba. Rubutun ya fara da girmansa, yana sauka yana ƙanƙancewa, har ya zama kamar jerin tururuwa. Na sa tabarau, na kai takardar bakin taga, na kasa. Na ɗauka gaisuwar 'yan uwa ce irin ta ƙarshen wasiƙa. Kunya ta hana ni in ce wa kawuna, wanda ya koya min riƙe fensir, rubutunsa ba ya karantuwa. Sai na rubuta "duk na gani, madalla". Ƙarya na yi maka, Kawu, don in rufa maka asiri, ashe rami na haƙa maka.

Wasiƙarka ta biyu kuwa ko layi ɗaya na kasa. Na kai ta injin kwafin ofishinmu na faɗaɗa ta sau huɗu. Da na ga "kika ce madalla" sai na koma gida da gudu na ɗauko ta farkon, ita ma na faɗaɗa. A tsaye na karanta, a gaban injin, mutane na jiran layi a bayana.

Na kai wa likitarmu duka, takardar gwaji da wasiƙun da adadin busarka. Ga abin da ta ce, kuma ta ce in jaddada maka likitanka ne zai tabbatar. Ciwon nan ba hannu kaɗai yake sandarar wa ba. Naman da ke tsakanin haƙarƙari, da wanda ke jan numfashi, da na maƙogwaro, duk yana kama su. Ƙwayar ita ce take sassauta su, amma ƙarfinta awa kaɗan ne, kuma in an haɗiye ta ba nan take take kama aiki ba. Wato ƙarfe ɗaya na rana ta safe ta riga ta sake ka, ta ranar kuma ba ta iso ba tukuna. A wannan tsakanin ƙirjin yake matsewa. Ka ga mai kashe gobara kullum a wurin wuta, sai ka ce shi ke kunna ta. Dubi lissafinka da kanka: goma sha ɗaya bayan ƙwayar safe, uku da yamma.

Ta ce akwai waɗanda nasu akasin haka ne, in ƙwayar ta kai ƙarfinta numfashinsu yake rikicewa, shi ya sa ba a yanke hukunci da ka. Ka roƙi a sake maka gwajin sau biyu a rana ɗaya, kafin ƙwaya da kuma awa guda bayanta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sarƙewar nan da tarin da ya mutu. Abin da ya bi ta hanyar iska, in tari bai fito da shi ba, a huhu yake zama.

Na kira lambar Gwaggo da nake da ita ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Na roƙi direban ya miƙa wannan hannu da hannu.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Ka yafe min.

'Yar Jela

*

Asabar

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Yau mako uku da kwana huɗu ban ji daga gare ku ba. Direban ya ce ya ba wata mata a ƙofar gida, bai san ko wace ce ba, kuma tun daga nan duk ranar da ya bi ta layinku ƙofar a kulle take.

In fushi kake yi da ni, kana da gaskiya. Na yi maka ƙarya, sannan na zo ina ba ka umarni kamar ni na haife ka. Ka yi fushin, amma ka sa Gwaggo ta rubuto min ko kalma biyu ce. Na nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai ƙarshen wata, mu biyu ne kawai a ɗakin gwajin. Kullum in na matse hancin wani dattijo na ce ya busa, kai nake gani.

'Yarka

*

Laraba, ƙarfe tara na safe

'Yar Jela,

Gaisuwa mai tarin yawa. Kin ga na rubuta lokaci a sama, kin ga kuma girman rubutun. Yanzu na koyi rubuta wasiƙa a lokacin da hannun yake nawa. Muna lafiya. Ina fatan haƙorin ƙaramar ya fito an huta.

Fushi kuma? Ina na ga ƙarfin fushi. Wasiƙarki ta same ni kwance da zazzaɓi, ƙirji na ta ƙara kamar tsohuwar tukunya. Gwaggonki ce matar da ta karɓa a ƙofa. Wayarta tun bara ta faɗa bahon wanki, lambar da kike kira ta mutu da ita. Ta karanta a tsaye. Ta wuce ƙarƙashin gado ta jawo kwandon takalma, ta buɗe gwangwanin ta zazzage a kan tire, ta ƙirga. Sannan ta ce, "Shekara talatin da takwas ina dafa maka abinci, ashe da gwangwani kake shawara." Ta kira maƙwabcinmu mai tasi.

Kwana goma sha shida na yi a asibiti. Abin da kika ji tsoro shi ne ya faru, huhun dama ya kamu. Likitan ya ce da mun ƙara kwana uku a gida, da wani zancen ake yi. Ya karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baba, kai ne likitan ko ni?" Na ce shi ne. Ya ce to a bar masa aikinsa. Ya mayar min da ƙwayar sannu a hankali, ya kuma tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: ƙarfe nawa nake tsayawa a titi? Na ce bakwai da rabi, da ɗaya da rabi. Sai ya raba ta huɗu, ya matso da ta farko shida da rabi, ta biyu kuma ya ajiye ta yadda lokacin tashin makaranta zai same ni da ƙarfina. Maganin shaƙar nan kuwa ya ce in ajiye.

Bayan na warware aka yi gwajin sau biyu, kamar yadda kika ce. Ma'aikaciyar nan mai "busa, busa" ce dai. Na farko, kafin ƙwaya, zanen ya fito ɗan tsugune kamar na da. Na haɗiye ƙwaya, muka zauna a benci awa guda ni da Gwaggonki tana yi min faɗa a hankali don kada a ji. Na koma na busa. Ma'aikaciyar ta dubi injin, ta dube ni, ta ce, "Baba, wani ka aiko ɗazu?" Ba na saurayi ba ne, kada ki ɗauka, amma ya tashi tsaye.

Likitan bai ɓoye min komai ba. Ya ce ciwon ba ya komawa baya, kuma wata rana ƙwayar ba za ta riƙe ni kamar yau ba. Ya rubuta takardar, amma ta wata uku ce, in sun cika in koma a sake gwadawa. Na karɓa da hannu biyu. Wanda ya kusa rasa duka ba ya raina wata uku.

Shugaba ta karanta takardar sau biyu, ta ce ta yarda da likita amma tana so kunnenta ya shaida. Ta tura ni can ƙarshen filin ƙwallo, ita kuma ta shiga ofis ta rufe ƙofa ta kunna fanka. Ɗaya da rabi daidai na busa. Tattabarun da ke kan rufin ajujuwa suka tashi gaba ɗaya. Ta leƙo ta taga ta ɗaga min hannu. Shekaranjiya aka dawo hutu, kuma ina tsakiyar titina.

Maganar ƙaryarki. Ke kin ji kunyar ce min rubutuna ya lalace, ni kuma na san sarai ya lalace, shi ya sa na ajiye maganar gwangwani sai a ƙasan takarda, inda na san da ƙyar za a gani. Ina so in faɗa, ina kuma so kada a ji. Kin ga kunyar gado ce, daga kakarki da mahaifiyata muka sha ta. Mun yi canjaras, kada ki ƙara tayar da zancen.

Gwaggonki ta karɓe ƙwayoyin, ita ke ba ni da agogo a hannu. Gwangwanin kuma ta mayar masa da man takalmi.

Layin da ke ƙasa da gangan na ƙanƙanta shi, ba ciwo ba ne. Ki kai shi injin ofishinku.

Kawunki,
Mai Usur

*

Litinin

Kawu,

Na amsa gaisuwa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Haƙorin ya fito, har ta gwada shi a kafaɗar babanta. A gaya wa Gwaggo zan zo ƙarshen wata da sabuwar waya, kuma zan ɗaura mata igiya saboda bahon wanki.

Wannan karon ba zan ce na gani ba sai da na gani. Na kai layin injin kwafi da safe. Abokiyar aikina tana bayana riƙe da takardunta, na faɗaɗa sau huɗu, ya fito manya-manya:

"Kina shekara bakwai na riƙe hannunki na tsallaka da ke. Bana ke kika tsallaka da ni. Na gode, 'yata."

Ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata hasken injin ne ya shige min ido.

Na manna shi a bangon ɗakin gwaji, daidai inda masu busawa suke kallo. Na kuma ƙara tambayoyi biyu a cikin waɗanda nake yi wa duk mai irin ciwonka kafin in matse masa hanci: ƙarfe nawa ka sha ƙwayarka, kuma akwai wadda ka ɓoye? Ɗazu wani dattijo ya saci kallon matarsa, sannan ya ce min, "Wa ya gaya miki?"

Ranar da zan zo, ɗaya da rabi za ta same ni a tsallaken titi, wajen gidan burodi. Ba zan taka kwalta ba sai na ji usur.

'Yarka,
'Yar Jela